Ba a fafe gora ranar tafiya: shirin sayen gida a Amurka tun kafin ƙanƙara ta narke

Ina da wani ɗan'uwa, ɗan yayar mahaifiyata, wanda ya fi shekara goma yana tuƙin tasi a birnin New York. Haifaffen Nima ne, yana zaune a Bronx da matarsa da yara huɗu a gidan haya mai ɗaki biyu. Wata shekara, cikin watan Afrilu, ya ga gidan da ya kwanta masa a rai. Ya taya, mai gida ya sallama. Kuɗin kafin alƙalami kuwa yana hannu, domin bai fi kwana goma ba da ya kwashi adashi, ya zuba kuɗin a jaka ya kai banki.

Sai kamfanin da zai biya masa ragowar kuɗin gidan ya aiko da tambaya ɗaya tak. Wannan kuɗin da ya faɗo asusunsa rana ɗaya, daga ina ya fito? Ya ce musu na susu ne. Suka ce to, ya kawo takarda. Susun da ake yi tsakanin mutanen masallaci ɗaya, wanda uwar adashi ke riƙe da lissafinsa a ka, ina za a samo masa takarda? Yana cikin kai-komo mai gida ya gaji da jira, ya sayar wa wani. Kuɗin da ya riga ya biya mai binciken gini ya tafi a banza, yaran da suka gama rabon ɗakuna a baki suka koma kwana a kan gado mai bene.

Kuɗinsa na halal ne, gumin goshinsa ne. Abin da ya ci shi kawai rashin sanin cewa kasuwar gidaje a can tana da lokacinta, kuma takardunta sun fi kuɗinta nauyi. A nan gida, a Accra ko Kumasi, wanda ya zo da kuɗi a hannu shi ne sarki. Mai gidan haya ma sai ya ce a ba shi na shekara biyu gaba ɗaya, kuma ba zai tambayi inda aka samo ba. A Amurka kuɗin da ba shi da sawu tamkar babu shi ne a idon masu ba da lamunin gida. Ga shi kuma yanzu da wuya ka shiga zango, ko Nima ne, ko Mamobi, ko Sabon Zango, ko Aboabo, ka rasa gidan da yake da ɗa ko 'ya a Bronx, ko Columbus ta jihar Ohio, ko Worcester, ko Newark. Don haka maganar ta shafi na can, ta kuma shafi mu da muke jiran saƙonsu a ƙarshen wata.

Me ya sa sai bayan hunturu?

A yawancin jihohin Amurka, musamman na arewa inda sanyi ke da tsanani, cinikin gidaje yana lafawa daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Rana na faɗuwa da wuri, dusar ƙanƙara ta rufe rufin gida da farfajiya, ba mai son kwasar kaya a irin wannan yanayi. Da Maris ya kama, ciyawa ta fara tsirowa, sai ka ga allunan sayarwa sun fara fitowa a ƙofar gidaje. Daga nan zuwa Yuni kasuwa ke ci. Akwai kuma lissafin makaranta. Ana komawa aji a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, kuma a can unguwar da kake zaune ita ce yawanci ke yanke makarantar gwamnatin da ɗanka zai je. Daga ranar da aka sallama maka gida zuwa ranar da za ka karɓi mabuɗi ana ɗaukar wata ɗaya zuwa biyu. Saboda haka duk mai iyali yana son ya ƙulla ciniki a Afrilu ko Mayu, ya tare a lokacin dogon hutu.

Amfanin wannan lokaci shi ne gidaje sun yi yawa, akwai zaɓi. Illarsa ita ce masu saye ma sun yi yawa. Gida mai kyau a unguwa mai kyau yana iya fitowa ranar Alhamis, a buɗe shi ga masu kallo Asabar da Lahadi, kafin Talata mai shi yana zaɓe tsakanin tayi da yawa. Wanda ya zo da takardar amincewar farko daga kamfanin lamuni, wadda ke nuna an duba shi an ga zai iya, shi ake saurara. Wanda ya ce bari ya je ya fara haɗa takardu, sai dai ya ji labari.

Wani abu ya ƙara tsananta lamarin a shekarun nan. A Janairun 2021 kuɗin ruwan lamunin gida na shekara 30 ya sauka har kashi 2.65 cikin ɗari, mafi ƙanƙanta a tarihin ƙididdigar da hukumar Freddie Mac ke fitarwa. Zuwa Oktoban 2023 ya kusa taɓa kashi 8. Miliyoyin mutanen da suka kama gida a lokacin araha sun ƙi sayarwa, don in sun sayar sai sun ci sabon bashi mai tsada. Gidajen da ke fitowa kasuwa suka ragu, gasa ta ƙaru a kan ɗan abin da ya fito.

Makin da ba a gina shi rana ɗaya

Abu na farko da kowane kamfani zai duba, na ruwa ne ko na Musulunci, shi ne makin kiredit. Lamba ce tsakanin 300 da 850 da ke nuna yadda mutum ya saba biyan abin da ake bin sa. Kamfanoni uku ke ajiye wannan tarihi: Equifax, Experian da TransUnion. Doka ta ba kowa damar ganin rahotonsa kyauta, kuma ya kamata a ciro duka ukun tun Disamba ko Janairu, a zauna a karanta layi-layi.

Ga dalilin da ya sa nake matsa wa mutanenmu a kan wannan. Sunayenmu suna kama da juna. Mohammed nawa ne a titi ɗaya a Bronx? Abdul nawa, Ibrahim nawa? Mutum ɗaya ma sai ka ga fasfo ya rubuta sunansa iri ɗaya, lasin tuƙi wani iri, banki wani iri. Yana faruwa a liƙa wa mutum bashin wani mai irin sunansa. In an kai ƙorafi, kamfanin yana da kimanin kwana 30 ya bincika. Kwana talatin a Janairu ba komai ba ne. A tsakiyar Afrilu kuwa, gida ne ya wuce.

Sannan akwai waɗanda ba su da makin ma gaba ɗaya. Da yawa daga dattawanmu sun ƙi riƙe katin bashi don gudun riba, komai da tsabar kuɗi suke saye. Niyya mai kyau ce, amma na'ura ba ta karanta niyya. Wasu sukan riƙe kati ɗaya, su sha mai da shi, su biya duka kafin wa'adi ta yadda ko sisin ruwa ba zai hau ba. Malamai sun saɓa a kan ko hakan ya halatta, tunda sharaɗin ruwan yana rubuce a yarjejeniyar ko da ba a taɓa biyan sa ba, saboda haka kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Wanda ya zaɓi ya ƙaurace wa katin ma ƙofa ba ta rufe ba. Tun 2021 hukumar Fannie Mae ta fara la'akari da tarihin biyan kuɗin haya, in dai ana iya ganin sa a takardun banki wata bayan wata. Wato mai biyan haya da cek ko ta asusu yana tara shaida, mai miƙa wa mai gida kuɗi hannu da hannu kuwa shekara goma ba ta bar masa komai ba.

Wani tarko kuma na zumunci ne. Ƙaninka ya zo, sabon zuwa, yana son motar aiki, ka sa masa hannu a matsayin mai tsaya masa. A takarda wannan bashin naka ne. Za a lissafa shi cikin abin da ke kanka, in kuma ya yi lattin biya wata ɗaya, makinka ne zai sha. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma kafin a shiga neman gida sai kowa ya san tsawon nasa. Kamfanoni suna haɗa duk abin da kake biya a wata, har da kuɗin sabon gidan, su auna da abin da kake samu. In ya haura wajen kashi 43 zuwa 50, magana ta fara wuya.

Harajin direba

Wannan sashe na masu aikin kansu ne: direbobin tasi da Uber, masu manyan motoci, masu shagon kitso, masu sayar da kayan abinci na gida. Ma'aikacin asibiti ko na gidan kula da tsofaffi yana da takardar albashi, nasa mai sauƙi ne. Mai aikin kansa kuwa takardun harajinsa na shekara biyu za a nema, kuma abin da za a ɗauka a matsayin samunsa shi ne abin da ya rage bayan ya cire kuɗin mai, gyara, inshora da sauransu.

To, ka ga inda gizo ke saƙar. Shekara da shekaru mai cike takardar haraji yana taimaka maka ka cire duk abin da doka ta yarda a cire, har ya zama a takarda kai talaka ne tilis. Ka ji daɗi don harajin ya yi sauƙi. Ranar da ka je neman gida sai a buɗe takardar nan a ce ai ba ka samun abin da zai riƙe gida. Wa'adin miƙa takardar haraji 15 ga Afrilu ne, daidai tsakiyar kasuwar. Duk mai niyyar saye ya zauna da jami'in lamuni kafin ya miƙa ta bana, ya ji yadda za a lissafa masa. Ba ina cewa a ƙara lamba don a burge banki ba, wannan laifi ne babba a dokar tarayya, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Ina cewa ne mutum ya bayyana duk abin da yake samu da gaskiya, har da wanda ke shigowa a hannu, ya kuma sani cewa wani lokaci shirin gida na shekara biyu ne, ba na wata uku ba.

Susu yana da hanya, in an bi ta

Mu koma kan ɗan'uwana. Abin da ya fi ba shi haushi daga baya shi ne da ya gano cewa ƙa'idojin sun san da zaman adashi. Littafin ƙa'idar Fannie Mae yana da sashe a kan kuɗin da jama'a ke tarawa tare, haka ma hukumar gidaje ta tarayya, FHA. Sun yarda a yi kafin alƙalami da shi, da sharaɗin a nuna shaidar cewa mutum yana zubi a kai a kai. In kuma akwai sauran zubin da zai ci gaba da yi bayan ya kwasa, za a lissafa shi cikin nauyin da ke kansa.

Saboda haka gyaran ba mai wahala ba ne. A riƙa zubi ta banki ko ta manhajar tura kuɗi, a daina miƙawa a ambulan bayan sallar Juma'a. Uwar adashi ta riƙe littafi mai sunaye, kwanan wata da jerin kwasa, ta kuma yarda ta sa hannu a wasiƙa in an buƙata. Na san wasu iyayenmu mata ba sa son sunansu ya shiga takardar Bature, amma gara a yi wannan magana tun farkon zubi da a zo ana roƙo ranar da wuta ta kama.

Kamfanoni yawanci suna neman takardun asusu na wata biyu na baya-bayan nan. Duk wani kuɗi mai kauri da ya shiga a cikin watannin, sai an faɗi asalinsa. A ƙa'idar Fannie Mae, mai kauri shi ne wanda ya wuce rabin abin da kake samu a wata. Wannan ya sa masu niyyar taya gida a Afrilu ke tattara kuɗinsu wuri ɗaya tun Janairu, su bar shi ya kwanta.

Gargaɗi ɗaya da ya kamata a yi shi da babbar murya. In ka kai tsabar kuɗi sama da dala 10,000 banki, za su cike fom su sanar da hukuma. Wannan ba laifi ba ne, ba abin tsoro ba ne. Laifin shi ne ka rarraba kuɗin, yau dubu tara, jibi dubu takwas, da gangan don kada a cike fom ɗin. Mutane da yawa suna yin haka bisa shawarar abokai, suna ganin wayo ne, alhali shi ne abin da doka ta haramta.

In kuma wani ɗan'uwa ne zai taimaka, ko daga can ko daga nan gida, sai ya rubuta wasiƙar kyauta, ya ce kuɗin kyauta ne ba rance ba, a kuma ga sawun fitarsa daga asusunsa. Wanda ya sayar da fili a Kasoa ko Amasaman don ya cika kuɗin gida a Ohio, ya adana takardar cinikin da rasit na turawa. Kada a ba wani matafiyi ya kai a aljihu.

Mu na gida ma muna da namu rabon a nan. A shekarun nan azumi yana faɗowa ne a ƙarshen hunturun can, ƙaramar Sallah ta zo daidai lokacin da kasuwar ke buɗewa. Lokacin ne waya ke yawan ƙara: kayan buɗa-baki, ɗinkin Sallah, kuɗin makaranta, ga ginin da aka fara a gida yana jiran siminti. Hakkin iyaye ba abin wasa ba ne, ba kuma wanda ya ce a yanke. Amma in ɗanku ya ce bana zai rage, ko ya ce a dakata da ginin zuwa baɗi, ba lalle ne matarsa ce ta mallake shi ba, kamar yadda ake saurin faɗa a tsakar gida. Wataƙila asusunsa ne yake son ya nuna fuska mai kyau na wata biyu. Shi kuma mai tarawa ya tuna cewa kuɗin da ya kai nisabi ya shekara a ajiye zakka ta hau kansa, ko da na sayen gida ne. A sa ta cikin lissafi tun farko.

Maganar riba

Nan ne zukata ke tsayawa, kuma da gaskiyarsu. Lamunin gida na yau da kullum a Amurka bashi ne da ruwa, ƙarara. Shi ya sa wasu suka shekara ashirin a haya suna da halin saye.

Akwai kamfanonin da suka daɗe suna ba da wata hanya. LARIBA ya fara a California tun 1987. Hukumar da ke sa ido kan bankunan tarayya ta amince da tsarin ijara a 1997, sannan murabaha a 1999. Guidance Residential ya fara aiki a 2002, UIF yana Michigan, Devon Bank kuma yana Chicago. Tsarin nasu iri uku ne. A musharaka, kai da kamfani kuke mallakar gidan tare, kowane wata kana sayen wani yanki na kasonsu kana kuma biyan kuɗin amfani da ragowar, har gidan ya zama naka. A murabaha, kamfani ya saya ya sayar maka da ribar da aka yanke tun farko, kana biya kashi-kashi. A ijara, haya ce da ke ƙarewa da mallaka.

Abubuwa biyu ne mutanenmu ke yawan kuskure a kansu. Na farko, suna zaton zai fi araha. Ba ya fi. Ribar da waɗannan kamfanoni ke yankewa tana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da farashin kasuwa, wani lokaci ma ta ɗan ɗara. Na biyu, suna zaton tunda 'yan'uwa Musulmi ne za a ɗaga musu ƙafa a kan takardu. Ina! Su ma da manyan hukumomin nan irin su Freddie Mac suke hulɗa don samun jari, don haka makin kiredit, harajin shekara biyu da sawun kuɗi duk sai sun gani.

Malamai kuma ba bakinsu ɗaya ba. Majalisar fatawa ta Turai ta fitar da fatawa a 1999 da ta sauƙaƙa wa Musulmin da ke zaune a ƙasashen da ba na Musulunci ba sayen gidan zama da lamunin banki in buƙata ta matsa kuma babu wata hanya. Malamai da yawa sun yi mata raddi. Wasu kuma suna ganin har kamfanonin na Musulunci akwai waɗanda kwangilarsu ke da gyara. Ni ba malami ba ne, ba zan yanke wa kowa ba. Abin da na sani shi ne wannan bincike aikin hunturu ne. A nemi kwafin kwangilar, a kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki kuma yake karanta Turancin lauyoyi. A tambaya: in na yi latti, tarar ina take zuwa? In gidan ya ƙone ko gwamnati ta karɓe shi, wa ke ɗaukar asara, kuma kashi nawa? In na kasa biya aka sayar, ragowar bashin zai bi ni? Suna aiki a jihata? Suna karɓar irin gidan da nake nema? Wannan tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci a New York, inda gidajen bene da yawa na haɗin gwiwa ne, wato hannun jari kake saye a kamfanin da ya mallaki ginin, kuma ba kowane mai ba da lamuni ke taɓa irinsu ba.

Kuɗin da ba a rubuta a allo ba

A ɗauki gidan dala 400,000. Kashi 20 na kafin alƙalami dala 80,000 ne, kuma ba dole ba ne a kai haka. FHA tana karɓar kashi 3.5 ga mai maki 580 zuwa sama, wato dala 14,000. Sai dai duk wanda ya ba da ƙasa da kashi 20 yawanci akwai ƙarin inshorar da zai riƙa biya don kare mai ba da lamunin. Sannan ga kuɗin rufe ciniki, na lauya, na binciken takardar mallaka, na mai ƙiyasin farashi, na rajista, wanda ke kamawa daga kashi 2 zuwa 5. A wannan gida dala 8,000 zuwa 20,000 ke nan, daban da kafin alƙalami. Nan ne da yawa ke tuntuɓe, sun tara na farko sun manta da na biyu.

Don a ga yadda farashin kuɗi ke canza komai: wanda aka biya wa dala 350,000 na shekara 30 a kan kashi 3 zai riƙa biyan kusan dala 1,480 a wata. A kan kashi 7 kuwa kusan dala 2,330. Gida ɗaya, bambancin dala 850 kowane wata. Kuma wannan bai haɗa da harajin gida ba, wanda a jiha kamar New Jersey yana da nauyi ƙwarai, bai haɗa da inshora, ruwa, dumama gida da gyara ba. A haya in tukunyar dumama ta mutu a Janairu waya kawai za ka buga. A gidanka aljihunka za ka buga.

Akwai tallafi, kuma ba a cika nemansa ba. Birnin New York yana da shirin HomeFirst da ke taimaka wa masu sayen gidan farko da kuɗin kafin alƙalami, bisa sharaɗin samun kuɗinsu bai wuce wani mataki ba kuma sun halarci ajin koyon sayen gida. Jihohi da yawa suna da irinsa. Akwai kuma masu ba da shawara da ma'aikatar gidaje ta tarayya ta amince da su, kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan. Ajin da takardunsa suna cin makonni, don haka shi ma kafin Maris ya kamata a gama.

Masu zama da takardar wucin gadi su lura: tun watan Mayun 2025 FHA ta daina karɓar waɗanda ba su da izinin zama na dindindin. Mai girin kad da ɗan ƙasa ba abin da ya canza musu. Sauran su tambayi kamfani tun ranar farko ko akwai tsarin da ya dace da su.

Ranar da aka fita kallo

Tun 17 ga Agustan 2024, dillalan da ke ƙarƙashin babbar ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasar ba sa zagayawa da mai saye sai an sa hannu a yarjejeniya da ta faɗi ladansu. A karanta ta. Ladan abin ciniki ne, tsawon wa'adin ma haka. Kasancewar dillali ɗan masallacinku ne ba ya hana a tambayi lasinsa da gidaje nawa ya sayar a unguwar da kake so. Dokar adalci a harkar gidaje ta 1968 ta hana a ƙi sayar wa mutum, ko a karkatar da shi zuwa wata unguwa, saboda launinsa, addininsa ko ƙasar da ya fito. Wanda ya ga an canza masa fuska don hijabin matarsa yana da inda zai kai ƙara.

Mutanenmu suna son gida mai hawa biyu ko uku, a zauna a ɗaya a ba da hayar saura. Dabara ce mai kyau, kuma ana lissafa wani kaso na hayar cikin samun mai saye. Amma a bincika ko hukuma ta san da kowane sashe. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa da aka mayar wurin kwana ba da izini ba yana jawo tara, yana kuma cin rai. A ambaliyar guguwar Ida ta Satumban 2021, yawancin waɗanda suka mutu a birnin New York a irin waɗannan ɗakuna ruwa ya rutsa da su.

A lokacin gasa za a ce maka ka yafe binciken gini don tayinka ya fi na wasu daɗi. Ni dai ba zan ba ɗan'uwana wannan shawara ba. Gidajen Bronx, Newark da Worcester da yawa sun haura shekara tamanin. Rufi, wayoyin lantarki, bututun ruwa da harsashi duk suna iya ɓoye aikin dubban daloli a bayan sabon fenti. Gidan da aka gina kafin 1978 kuma dole mai shi ya bayyana abin da ya sani game da fenti mai gubar dalma, wanda ke illa ga ƙwaƙwalwar ƙananan yara.

Bayan an sallama, kada a taɓa komai. Kada a ci bashin mota, kada a ɗauko kujeru da firiji a kan biya sannu-sannu, kada a canza aiki, domin ana sake duba rahoton mutum dab da ranar sa hannu. Takardar ƙarshe mai ɗauke da duk lissafin dole ta iso hannunka kwana uku na aiki kafin ranar, don ka gwada ta da wadda aka ba ka da farko. A waɗannan kwanaki ne kuma 'yan damfara ke aiko da imel mai kama da na lauyanka, su ce lambar asusun da za ka tura kuɗin ta canza. Kada ka kira lambar da ke cikin saƙon. Ka kira wadda ka riga ka sani, ko ka taka har ofishin, a karanta maka lambar asusun baki da baki kafin ka tura ko dala ɗaya.

Ɗan'uwan nawa ya sake shiga kasuwa bayan shekara biyu. A wannan karo zubin susu ta banki ya riƙa yi, Hajiyar da ke riƙe musu ta sayi littafi mai layi, ita ce ma ta sa hannu a wasiƙar. Gidan da ya samu bai kai na farkon girma ba, kuma ba a Bronx yake ba, sai da ya tsallaka New Jersey. Sun tare a watan Yuli, saura mako bakwai a koma makaranta.